Likita Hinshelwood da Yaran da Karatu Ke Gagara

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta a Turaki cikin Jalingo, na gamu da wani yaro a aji huɗu. Lissafi kamar ruwa, ga baki, amma in an buɗe masa littafi sai ya yi tsuru. Na kira shi daƙiƙi, har na yi masa bulala. Abin da ya sa na nemi labarin wannan likita ke nan.

An haifi James Hinshelwood a 1859. Likitan ido ne a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan. Wata rana aka kawo masa wani malamin Faransanci da Jamusanci mai shekara 58, wanda ya wayi gari ya kasa karanta aikin da almajirinsa ya miƙo masa. Idonsa na ganin baƙaƙe, amma bai san ko ɗaya ba, lambobi kuwa yana karanta su sarai. Likita ya gane ciwon a ƙwaƙwalwa yake, ya buga labarin cikin jaridar likitoci mai suna Lancet a watan Disamba 1895.

To, ku dubi abin da mai karatu guda ya jawo. Wani likitan ƙaramin gari a Ingila, Pringle Morgan, ya karanta, sai ya tuna da wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin hankali wanda karatu ya gagara tun fari, ba tare da wani ciwo ya same shi ba. Ya buga nasa labarin a 1896. Daga nan Hinshelwood ya juya ga yara, ya yi shekara ashirin yana tara labarinsu. Ya ga abin yakan bi jini, har ya sami yara huɗu a gida ɗaya, ya kuma ga an fi kawo masa maza. A 1917 ya haɗa duka cikin littafi, ya kira abin makantar kalmomi ta haihuwa. Yau disleksiya ake ce mata.

Shawararsa ta malamai ce: a keɓe yaron daga dariyar 'yan aji, a yi masa gajerun darussa sau da yawa, a ba shi baƙaƙen katako ya riƙa shafawa. Sai dai kash, a jaridun likitoci ya fi rubutu, malamin makaranta kuwa ina zai gan su?

Ya yi kuskure wuri ɗaya. Shi ya ɗauka yaro yana mance siffar kalma ne, masanan baya suka nuna yawanci wahalar tana wajen haɗa baƙi da sautinsa. Ya rasu a 1919.

Yaron Turaki kuwa, na yanka masa baƙaƙe da kwali, mukan zauna minti goma bayan an tashi. Kafin in bar makarantar ya iya karanta ba, bi, bu.