Heinrich Barth

Heinrich Barth (16 ga Fabrairu 1821 – 25 ga Nuwamba 1865) matafiyi ne kuma masanin harsuna ɗan ƙasar Jamus, wanda a ƙasar Hausa da Barno aka fi sani da Abdulkarim. An haife shi a Hambug, ya rasu a Balin.

Tsakanin 1845 da 1847 ya bi gaɓar tekun Bahar Rum ta Arewacin Afirka shi kaɗai, inda 'yan fashi suka raunata shi kusa da iyakar Masar. A 1850 ya tashi daga Tarabulus tare da James Richardson da Adolf Overweg, suka ƙetare Sahara. Dukansu biyu sun rasu a hanya, ya ci gaba da tafiyar.

A watan Maris 1851 ya iso Gumel daga Kano, a zamanin Sarki Ɗan Tanoma, lokacin garin na ƙarƙashin Barno. Ya bayyana Gumel a matsayin babbar kasuwar kanwa. Da ya sake biyowa a 1854, ya tarar rikicin sarauta ya ɗaiɗaita garin.

Ya kai Tumbuktu a 1853, ya koma Turai a 1855 tare da Dorugu, yaron da daga baya James Schön ya rubuta Hausa daga bakinsa. Littafin tafiyarsa mai juzu'i biyar ya fito a 1857 da 1858. Ya kuma tattara kalmomin Hausa da Barbarci, aikin da bai kammala wallafawa ba har ya rasu.