Leo Fender: mai gyaran rediyon da ya ƙera jitar bas don a riƙa kwance ta

Duk lokacin da na ji masu farfaɗo da tsofaffin jita suna cacar baki kan wace kusa ce ta asali, wace ce jabu, sai in tuna da mutumin da ya ƙera kayan. Clarence Leonidas Fender, wanda aka fi sani da Leo Fender, bai iya kaɗa jita ba. Mai gyara ne, kuma da idon mai gyara ya kalli sana'ar har ƙarshen rayuwarsa.

An haife shi ranar 10 ga Agusta 1909 a jihar Kalifoniya ta Amurka, iyayensa manoman lemu ne. Yana ɗan shekara 8 ciwo ya cinye masa ido ɗaya. Ya karanta aikin akanta, ya yi aikin na wasu shekaru, sai karayar tattalin arzikin Amurka ta raba shi da shi. A 1938 ya ranci dala 600 ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton. Nan makaɗa suka fara kawo masa amsa-kuwwarsu da jitocinsu in sun lalace.

To, abin da ya lura shi ne jitar zamanin manne take da gam. In wuya ya karkace, sai an kai wa gwani, a yi makonni ana jira. Shi kuwa sai ya ɗaure wuyan da gangar jikin da kusoshi huɗu kawai. Wuya ya lalace? A kwance, a sa wani, makaɗi ya koma bakin aikinsa. Da wannan dabara ya fitar da Precision Bass a 1951. Kafin nan mai kaɗa bas fama yake da ƙatuwar goge mai tsayin mutum, wadda ganguna ke danne muryarta. Sabuwar kuwa ana rataya ta a kafaɗa, a jona ta da lantarki, ga ƙarafa gicciye a wuyanta da ke nuna wa yatsa inda zai sauka. Monk Montgomery na ƙungiyar Lionel Hampton yana cikin waɗanda suka fara yawo da ita. A 1960 Leo ya ƙaro Jazz Bass.

A Janairun 1965, ganin rashin lafiya ta matsa masa, ya sayar da kamfanin ga CBS kan dala miliyan 13. Wannan shekara ita ce ta zama iyaka a kasuwar tsofaffin jita: abin da aka ƙera kafinta ya fi daraja nesa ba kusa ba. Nan fa gizo ke saƙa. Sauƙin kwancewar da Leo ya yi domin makaɗi, shi ne ya sa yau da wuya ka samu bas ta 1962 da ba a taɓa musanya mata komai ba, kuma shi ne ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa.

Shi ya sa ƙwararren mai gyara ba ya yarda da bakin dillali, sai ya kwance ya gani. A gindin wuya ma'aikatan Fender kan rubuta wata da shekara da fensir, daga 1962 suka koma buga hatimi. A bayan maɓallin ƙara murya akwai lambobi: 137 na nufin kamfanin CTS, 304 na nufin Stackpole, sannan shekara da mako su biyo baya. Wayoyin ciki na lokacin an naɗe su da yadi, fentin kuma siriri ne mai tsattsagewa in ya tsufa. Katakon rosewood na Brazil da aka shimfiɗa a wuyan tun 1959, yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsa a 1992, don haka ko ka samu wuya na asali, tsallakar da shi iyaka sai da takardu.

Leo bai zauna ba bayan CBS. Da hannunsa a StingRay ta kamfanin Music Man a 1976, daga baya shi da tsohon abokin aikinsa George Fullerton suka kafa G&L. Yana zuwa ɗakin gwajinsa har cutar Parkinson ta ci ƙarfinsa, ya mutu ranar 21 ga Maris 1991 yana da shekara 81.

Ni dai a ganina, wanda ya tsinci irin wannan jita ya fara tambayar kansa: kaɗawa zan yi ko ajiya? In kaɗawa ce, sa mata sabon kayan gyara mai kyau ba laifi ba ne, don haka mai ita ya tsara ta. Amma tsohon da ka cire, ka adana shi a leda ka rubuta kwanan wata. Ranar sayarwa kuma ka faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ka canza.