Tunawa da Marigayi Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina



Kwanan baya na shiga Babbar Kasuwa ta nan Katsina sayen yadi, sai na tarar da wani saurayi mai ladabi yana tsaron shagon mahaifinsa. Cikin hira ya shaida mini cewa ya gama Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma. Da na tambaye shi ko wane ne mai wannan suna, sai ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, laifin namu ne, mu da muka yi karatu a zamanin da wannan bawan Allah yake Ministan Ilmi amma ba mu ba 'ya'yanmu labarinsa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami.

An haifi Malam Isa Kaita a shekarar 1912, mahaifinsa kuwa shi ne Wazirin Katsina Malam Haruna. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, makarantar da ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da ya gama sai ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ke nan tun kafin ya san majalisa ya san allo da alli, ya san halin malami da na ɗalibi.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1941, ya tafi Ankara, babban birnin ƙasar Gana ta yau, inda shi da Malam Bello Ɗandago suka riƙa karanta labarun yaƙi da Hausa a gidan rediyo. Ya komo gida a 1944, shekarar da Sarki Usman Nagogo ya hau gadon sarauta, ya yi aiki tare da Sarki da En'e ta Katsina. Daga bisani ya tafi Exeter ta ƙasar Ingila ya karanto sha'anin mulki.

Yana cikin waɗanda aka kafa jam'iyyar NPC da su, kuma a 1951 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokoki ta Jihar Arewa da ke zama a Kaduna. A 1954 ya zama Ministan Ayyuka, sannan ya riƙe Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa, daga 1957 kuma aka danƙa masa Ma'aikatar Ilmi, bai bar ta ba sai da sojoji suka yi juyin mulki ranar 15 ga Janairu, 1966. A tsarin wancan zamani minista ɗan majalisa ne, shi zai tsaya gaban 'yan'uwansa ya kare dokar ma'aikatarsa da kasafin kuɗinta, 'yan hamayya kuma su yi masa tambayoyi.

Dokoki biyu na zamanin ministancinsa sun isa shaida. Ta farko ita ce dokar da majalisa ta zartar a 1961 ta kafa jami'a a Arewa, wadda ta buɗe a Zariya ranar 4 ga Oktoba, 1962, da sunan Jami'ar Ahmadu Bello. Da yawa daga cikinmu can muka dosa bayan sakandare. Ta biyu ita ce Dokar Ilmi ta 1962, wadda ta biyo bayan rahoton Oldman. Kafin ita, En'e da 'yan mishan kowa na tafiyar da firamarensa yadda ya ga dama. Dokar ta sa gwamnati a gaba, ta kawo hukumomin ilmi na yankuna, waɗanda har yau bakin jama'a bai bar kiran makarantunsu da L.E.A. ba.

Gaskiya ɗaya ce, ba kowa ya gamsu ba. Jihar Yamma ta fara ba da ilmin firamare kyauta tun 1955, amma Arewa ba ta bi sahu ba, ta zaɓi ta fara horar da malamai tukuna. Masu suka na ganin wannan tafiyar hawainiya ce, kuma tazarar da ke tsakaninmu da Kudu ba ta toshe ba har aka kifar da gwamnatin. Amma ni da na ga yadda aka yi ta neman malamai ido rufe da aka fara shirin UPE a 1976, na gane hikimar wanda ya taɓa tsayawa gaban aji: gini ba malami ba makaranta ba ne.

Bayan siyasa ya zauna a Kaduna, a zamanin Shugaba Shehu Shagari kuma ya shugabanci Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Ya riƙe sarautar Madawaki, daga baya ya zama Waziri, sarautar da mahaifinsa ya riƙe. Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba, 1994.

'Yan'uwa, yau idan ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a, buhunan shinkafa da babura yake lissafa mana. Mu da muka ci moriyar waɗancan dokoki, ya kamata mu tambaye shi wace doka ya kawo wadda jikokinmu za su amfana da ita. Ina kuma roƙon ƙungiyarmu ta ware rana guda a shekara, mu shiga azuzuwan makarantarmu mu ba yara tarihin irin waɗannan magabata.

Allah ya jiƙan Waziri, ya kai haske kabarinsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen, amin.