Roald Amundsen: Yaron da ya ci burin taka ƙasar ƙanƙara

An haifi Roald Amundsen ranar 16 ga Yulin 1872 a Borge ta ƙasar Norwe. Yana ɗan shekara 15 ya karanta labarin wuyar da Baturen Ingila John Franklin ya sha a ƙuryar arewacin duniya, ya ƙudurta shi ma sai ya je. Ko da tsakiyar hunturu, taga a buɗe yake kwana don jikinsa ya saba da sanyi.

Mahaifiyarsa ta so ya zama likita, ya kuma bi umarninta. Bayan rasuwarta, yana da shekara 21, ya ajiye karatun ya kama aikin jirgin ruwa.

Daga 1903 zuwa 1906 ya ja ayarin farko da ya ratsa mashigin tekun arewacin Kanada a jirgin ruwa. A can ya zauna da mutanen Inuit, ya koyi sa tufafin fata da tuƙa keken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara. Wannan ilimi ya kai shi ƙuryar kudancin duniya ranar 14 ga Disamban 1911, shi da abokan tafiya huɗu, suka dawo lafiya. Robert Scott na Ingila ya isa wurin bayan mako biyar, amma shi da mutanensa suka halaka a hanyar komowa.

A Yunin 1928 Amundsen ya tashi cikin jirgin saman Faransa don ceto ɗan Italiya Umberto Nobile. Jirgin ya ɓace a teku, har yau ba a ga gawar Amundsen ba.