Rashidi Yekini: Ɗan Kaduna da ya buɗe wa Najeriya ragar Gasar Kofin Duniya

An haifi marigayi Rashidi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963. Asalin iyayensa mutanen Ira ne a Jihar Kwara ta yanzu, amma a Kaduna ya tashi, a nan kuma ya fara taka leda a ƙungiyar UNTL ta masaƙar Kakuri, a zamanin da masaƙun birnin ke ciyar da dubban gidaje har su ɗauki nauyin ƙungiyar ƙwallo.

Daga UNTL ya koma Shooting Stars ta Ibadan, wadda ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka a 1984, inda Zamalek ta Masar ta doke ta. Ya wuce Abiola Babes ta Abeokuta, sannan Africa Sports ta Abidjan a 1987.

Sai da ya kusa shekara 27 kafin Turai ta waiwaye shi, kuma ba wata hamshaƙiyar ƙungiya ba ce ta ɗauke shi. Vitória de Setúbal ce ta Fotugal, a 1990. A kakar 1992/93 ya zura ƙwallaye 34 a rukuni na biyu, ƙungiyar ta haura. A kakar da ta biyo baya ya fi kowa cin ƙwallo a babban rukuni da guda 21, ya sha gaban 'yan wasan Benfica da Porto da Sporting. Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon 1993, ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan karramawa.

Dogo ne ƙaƙƙarfa, ba mai yawan ado da ƙwallo ba. Gudu yake yi zuwa gurbin da masu tsaron baya suka bari, ya buga da ƙarfi. Wannan salo ya sa ya fi kowa cin ƙwallo a Kofin Afirka na Senegal a 1992 da guda 4, da na Tunisiya a 1994 da guda 5: biyu a ragar Gabon, biyu a ta Zaire, ɗaya a ta Kwaddibuwa. Najeriya ta ɗauki kofin a ƙarƙashin koci Clemens Westerhof.

Ranar 21 ga Yuni, 1994, a Dallas ta Amurka, Finidi George ya miƙo masa ƙwallo, ya tura ta ragar Bulgeriya. Ita ce ƙwallon Najeriya ta farko a Gasar Kofin Duniya. Ya faɗa cikin raga, ya damƙe ta da hannu biyu yana kururuwa, hoton da ya zagaya duniya. An tashi 3-0.

Daga nan tauraruwarsa ta fara dusashewa. Zamansa a Olympiacos ta Girka da Sporting Gijón ta Sifaniya bai yi armashi ba. Ya ɗan farfaɗo a FC Zürich, ya je Gasar Kofin Duniya ta Faransa a 1998, ya bi ta Tunisiya da Saudiyya, ya dawo gida Julius Berger, ya kuma buga wa Gateway a 2005 yana da shekara 41. Jimillar ƙwallayen da ya ci wa Najeriya 37 ne, adadin da aka shafe fiye da shekara 20 ba a kamo ba.

Shekarunsa na ƙarshe a Ibadan ya yi su, a keɓe, nesa da taro da 'yan jarida. Allah ya yi masa rasuwa ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48, aka binne shi a Ira.