Karl Kumm, Mutumin da Ya Tara Ekklesiyoyi a Gona Ɗaya

Kafin a soma wannan darasi, a karanta Yohanna sura 17 daga aya 20 zuwa 23, inda Ubangijinmu ya yi addu'a domin masu bi su zama ɗaya.

An haifi Karl Kumm a ƙasar Jamus cikin shekara ta 1874. Tun yana saurayi ya tafi Masar domin aikin bishara, can kuwa ya auri Lucy Guinness a shekara ta 1900. Su biyu suka ɗora zuciyarsu a kan babbar ƙasan nan da ake kira Sudan a zamanin, wadda ta miƙe daga kogin Kwara har kogin Nilu. Da fari ya yi aiki tare da 'yan'uwansa Jamusawa, amma ba su daɗe ba suka rabu, gama shi mutum ne mai gaggawa, ba ya jimre jiran shawarar kwamiti. Ba mu ɓoye wannan ba, domin a sani wanda Allah ya mora wajen haɗa kan jama'a shi kansa ya ɗanɗana rabuwa.

Sa'anda ya koma Ingila, ya bi ƙungiyoyin mishan na ekklesiyoyi dabam dabam yana roƙonsu su ɗauki aikin. Kowace ta amsa da cewa ba ta da isassun ma'aikata, ba ta da kuɗi. A nan ne Kumm ya ga abin da waɗansu ba su gani ba: kayan da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, gayya takan ɗauka. A shekara ta 1904 shugabanni daga ekklesiyoyi da yawa suka taru a birnin Edinbara, aka raɗa wa aikin suna Sudan United Mission, wato haɗaɗɗiyar mishan ta Sudan. Ba a tambayi kowa ya bar ekklesiyarsa ba. Cikin shekarar nan Kumm ya iso Nijeriya tare da mutum uku, Bateman da Burt da Lowry Maxwell, suka kafa zango a Wase. Mu da muke aikin juya littattafai muna tunawa da Maxwell musamman, saboda wahalar da ya sha a kan harshen Hausa.

Lucy ta rasu a Amurka a shekara ta 1906, amma Kumm bai ajiye aikin ba. Ya yi ta yawo ƙasa ƙasa yana kafa rassa, a Amurka, da Afirka ta Kudu, da Ostareliya, da Danmak. Kowane reshe ya sami yankinsa. Mutanen Danmak, masu bin koyarwar Luta, suka zauna a Numan a shekara ta 1913. Waɗansu suna yi wa jarirai baftisma, waɗansu kuwa sai wanda ya yi girma ya shaida bangaskiyarsa da bakinsa. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, kada kuwa mai karatu ya zaci an warware shi. An dai yarda ba zai hana su noma gona ɗaya ba.

Akwai abin da ya wajaba mu faɗa. Kumm ya yi ta magana a kan jerin tashoshi da za su tare yaɗuwar Musulunci, har wani lokaci maganarsa ta fi kama da ta sarkin yaƙi. A ganinmu, haɗin kan da tsoron maƙwabci ya ɗaure ba shi ne wanda Ubangiji ya roƙa ba, gama shi ya roƙa domin duniya ta ga ƙauna ta ba da gaskiya.

Kumm ya rasu a Kalifoniya a shekara ta 1930, mishan ɗinsa kuwa ba ta kai Borno ba tukuna, domin gwamnatin Turawa ta hana wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi. Ƙofar da ta buɗe daga baya ba irin wadda ya zata ba ce. Cikin shekarun 1930 aka yardar wa mishan ta kula da kutare a Molai, kusa da Maiduguri, watau da wankin miki aka shiga. Kafin wannan, a shekara ta 1923, Stover Kulp da Albert Helser na Ekklesiyar 'Yan'uwa sun riga sun zauna a Garkida cikin ƙasar Bura. Su ba reshen Kumm ba ne, baftismarsu ma dabam take, gama sau uku suke nutsar da mutum cikin ruwa.

Duk da haka, sa'anda ekklesiyoyin da suka fito daga rassan nan suka taru a Randa a shekara ta 1955, 'Yan'uwa suka shiga tare da su, aka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda daga baya ta zama TEKAN. Kowace ta riƙe tsarinta da shugabanninta. A shekara ta 1959 suka buɗe makarantar tauhidi guda, wadda daga baya aka mai da ita Bukuru, inda ɗan Luta da ɗan 'Yan'uwa suke zama a benci ɗaya.

A Maiduguri, COCIN, wadda ta fito daga reshen Ingila, da EYN ta 'Yan'uwa, dukansu suna cikin tarayyan nan. Sa'anda aka ƙone majami'u a garin cikin watan Yuli na shekara ta 2009, wutar ta ci na waɗannan, ta ci na waɗancan, masu cinna ta kuwa ba su tsaya tambayar irin baftismar kowa ba.