Likita Mila: Ritaya Ba Ƙarshen Hidima Ba Ce

'Yan'uwa cikin Almasihu da ke Dakata, musamman ku da kuka tsufa a masana'antun Bompai, Sharada da Challawa, ga labarin wani bawan Allah.

An haifi Walter Miller, wanda Hausawa ke kira Likita Mila, a Ingila a 1872. Ya koyi Hausa a Tarabulus, ya iso Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, amma Sarki Alu ya sallame su. A 1905 ya zauna a birnin Zariya, yana magani yana koyar da yara. Ya yi shekaru yana wa'azi, amma kaɗan ne suka karɓi bishara. Ga idon duniya, wahalarsa ba ta biya ba.

Duk da haka bai yi sanyi ba. Shi ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi a 1932, yana da shekara 60. Ya bar aikin CMS a 1935 ya koma gida, amma zuciyarsa na nan Arewa. A 1939 ya dawo, ya ci gaba da rubuce-rubuce, har ya wallafa littattafai biyu yana auna ko an yi nasara a Nijeriya. Ya rasu a Bukuru a 1952.

Ɗan'uwa, ranar da za ka ajiye aiki, kada ka auna kanka da yawan fansho. Aminci Ubangiji yake dubawa.